Kafin Ka Kafa Dirka ta Farko

Shu'aibu, ajiye gatarin nan ka zauna.
Shayin bai huce ba, motar Sinja kuma sai la'asar.
Gobe kai za ka riƙe igiyar awo,
ni gwiwa ta ƙi, ta ce Mai Wurno ta ishe ta.

Fara da ƙafarka.
Zaga filin da kanka, kusurwa zuwa kusurwa,
ko da mai shi ya rantse fadan arba'in ne.
Fadan na baki ba ya cin waya,
na ƙasa shi ke ci.
Dubi kashin shanu, dubi inda ciyawa ta kwanta.
In ka ga burtali, tsaya.

Shekarar da aka yaye ka
na ja wa Attayyib Wad Hamad waya layi biyar
ta tsakiyar hanyar da Arɗo Giɗe ke bi zuwa kogi.
Ya ce takarda na hannunsa, na ce to.
Kwana tara shingen ya yi a duniya.
Saniya ba ta karatu,
ƙishirwa ba ta san hatimi ba.
Attayyib ya riƙe cikon kuɗina,
na sayar da jakuna biyu na sallami ma'aikata,
na dawo gida a ƙasa, guduma a kafaɗa,
kakarka ta dube ni, ba ta ce komai ba,
ta ƙara wa miya ruwa.

Itacen dirka, sare shi bayan kaka,
da takardar ofishin daji a aljihu,
kada mai gadi ya same ka kana inda-inda.
Ɗanye kada ka kafa shi,
gara na jin ƙamshinsa tun daga Damazin.
Ɓare shi, babbake gindin har ya yi baƙi,
in ka sami mataccen man tarakta, shafa masa.
Baƙar lakar nan tamu ba ta da alkawari:
da damina ta rungume dirka kamar ɗanta,
da rani ta wage baki ta sake shi.
Don haka rami kamu ɗaya da taƙi,
zuba tsakuwa, kirɓa, ƙara, kirɓa,
har tafin hannunka ya yi maka Allah ya isa.
Dirkar kusurwa ita ce liman,
in ta karkace, sahu duka ya karkace.
Tokare ta.

Waya, ja ta da sanyin safiya.
Wadda aka ɗaure tamau da tsakar rana
dare ɗaya na sanyi ya isa ta tumɓuke maka aiki.

Bagaruwar bakin Nilu in ta cunkushe, rage mata.
Cire karkatacciya, bar miƙaƙƙiya,
bar uwa mai 'ya'ya duk bayan taku talatin,
ambaliya ce za ta yi maka shuka, kyauta.
Dakwara kuwa, sai ganyenta ya fara zuba.
Tsaga ɗaya a reshe, bana gabas, baɗi yamma.
Mai yi mata zobe don kwaɗayin ƙaro
ya yanka nagge ne yana neman nono.
Share hanyar wuta tun ciyawa na da sauran kore,
kada ka jira sai ka ga hayaƙi.

Sai kuɗi.
Na waya karɓe su tun farko,
farashi a Sinnar na tashi kafin ka idar da alwala.
A rubuta, shaidu biyu, kada duka su zama danginsa.
Ma'aikata ka biya su Alhamis, kafin kanka,
ko da kai za ka kwana da asida gaya.
Su za su ɗauke ka ran da kwangila ta faɗi.

Ƙofa kuma ka yi ta da faɗi.
Wata rana amalanke zai zo da kaya fiye da yadda aka zata.

Miƙo min kofin.
Igiyar na rataye a bayan ƙyaure.
Akwai ƙulli wajen kamu na sha bakwai, ɓera ne ya ci,
ka riƙa ƙara taƙi ɗaya in ka zo wurin.