Ba A Taɓawa

Ran Laraba na ɗauko Baffa Tankari daga Rimi
ganin likitan ido, muka tarar likita bai zo ba.
Ya ce, "Tunda mun riga mun ƙona kuɗin mota,
kai ni inda ƙafata ba ta taɓa takawa ba."

Gobarau na fara kai shi. Ya ɗaga kai
har hula ta nemi faɗuwa.
Na ce mu hau. Ya dubi matakala, ya dubi gwiwa,
ya ce, "Gaishe ta daga nan ma ba raini ba ne ba."

Sai gidan tarihi, ginin ƙasa mai kaurin bango,
sanyin cikinsa kamar randa, ba na fanka ba.
Wani yaro, Lurwanu, da 'yar sanda a hannu
yana zuba bayani tamkar hadda, bai ko numfasa ba.
Ga takobi, ga sulke, ga tukwanen da aka tono,
ga wuri a ƙoƙo, kuɗin da yau ba zai sayi ko gishiri ba.
Baffa na biye, yana gyaɗa kai irin na baƙon kirki,
har muka kai lungun da haske bai cika kaiwa ba.

Nan ya tsaya.

Masaƙa ce, an kafa ta bayan igiya,
da 'yar takarda mai rubutun da bai iya karantawa ba.
Ƙoshiya kwance, kwarkwaro ya yi ƙura,
zaren ya saki kamar bakin da bai ci komai ba.
Ya matso da idon nan nasa mai yana,
ya ce, "Wa ya ɗaura allirar nan? Ai a juye take.
Wanda ya yi wannan, ko ɗan tofi bai taɓa saƙawa ba."

Lurwanu ya ce, "Baba, ba a taɓawa."
Baffa ya ce, "Shekara arba'in ina taɓa ta,
ita ta aurar da ni, ita ta yi mini rufin ɗaki,
ba ta taɓa ce mini kada in taɓa ba."

Yaron ya waiga ƙofa. Babu kowa,
sai wata tsattsewa da ba ta biya kuɗin shiga ba.
Ya ɗage igiyar da kan sandarsa.

Baffa ya tuɓe takalmi, ya zauna,
yatsun ƙafa suka gane wurinsu, ba a nuna musu ba.
Ya kwance, ya ɗaura, ya ja, ya lasa zare,
ƙoshiya ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa,
ƙwas, ƙwas, ƙarar da na sani tun ina goye
ban kuma san na yi kewarta ba.

Faɗin yatsa uku ya saƙa, ya miƙe.
"Bar shi haka. Mai zuwa ya ga ba gawa ba ce."

A mota, wajen Abukur, yana ɓare gyaɗa,
ya ce, "Tawa tana rumbu, gara na ci.
In na mutu ka kai musu, amma ka tsaya a kansu."
Sai ya juya ga taga. Ni ko ban amsa ba.