Mai Riƙe da Igiya

Ƙarfe bakwai, Llandeilo na cikin yayyafi,
Eluned ta sauko daga mota da shayi a hannu,
ta zaga bishiyar sau biyu ba ta ce uffan ba.
Ta ɗauki guduma ta ƙwanƙwasa gindin
kamar baƙon da ke sallama a ƙofar gida.
Ta kasa kunne.
Gabas ya amsa da cikakkiyar murya,
yamma ya amsa kamar tulun da ba ruwa.
"Nan ciwon yake," in ji ta,
ta nuna laimar kwaɗi da ta tsiro a saiwa.

Ni ne na ƙasa.
Shekara ashirin da biyu ina sama
kafin gwiwa ta ce ta gaji.
Yanzu igiya nake riƙewa, kai a ɗage,
har wuyana ya san nauyin kowane reshe.

Ta jefa 'yar jakar dalma, siririn zare na bin ta.
Jifan farko ya kuskure, na biyu ma haka,
na uku ya ratsa ta hammatar reshe.
Igiya ta bi zare, ita ta bi igiya,
ɗamara a ƙugu, hular kwano a ka,
ƙugiyoyi na kacau-kacau a kwankwaso,
kowace sai ta murɗa ta, ta sake murɗawa,
don can sama ba a karɓar "na manta".

Yankan reshe uku ne, haka na koya mata.
Fara ta ƙasa, ɗan kaɗan, kada ɓawo ya yage.
Koma ta sama, ki bar nauyi ya yi aikinsa.
Na ƙarshe a wuyan reshe, ba a jikin uwa ba,
don bishiya ba ta warkewa irin tamu,
rufewa take yi, ta ci gaba da zama da mikinta.

"Ƙasa!" ta ƙwala.
"Ba kowa!" na amsa.
Reshe mai nauyin maraƙi ya taho a hankali,
igiya na zafi cikin safar hannuna,
ya wuce ɗakin gilashin da Tegid ke renon tumatir
da tazarar da ba ta kai kamu ba.
Shi kuwa yana taga, kofi ya tsaya masa a hanyar baki.

Wajen sha ɗaya zarto ya yi wata ƙara
da ba ta itace ba.
Tartsatsi. Ta kashe inji.
Ta sauko mini da guntun, na faskara da gatari:
cikin tsokar itacen, zurfin taƙi guda,
ƙugiyar ƙarfe ce kwance, baƙa ƙirin,
bishiya ta haɗiye ta tun ba a haifi Eluned ba.

Tegid ya fito yana dogara sanda,
ya juya ta a tafin hannu.
"Ni na hau na kafa ta," ya ce,
"ina ɗan shekara sha ɗaya, don lilon ƙanwata Nesta."
Bai ƙara ba.
Ya sa ta a aljihun kwat ya koma ciki.

Ni kuma na zauna bayan mota da magagari,
ina bin haƙoran sarƙar zarto ɗaya bayan ɗaya,
kowanne shafa uku,
burodi da cuku na jira a kan cinya.
Garin katako a shayina, a kunnena, a gashin gira,
matata ta ce ko a gado tana tsintar sa.

Ba mu sare ta ba.
Kaya muka rage mata ta ɓangaren da ke ciwo,
yadda in iska ta zo za ta sami hanyar wucewa.
Injin niƙa ya cinye rassan ya amayar da su tsibi.
Eluned ta diro, hannunta na ɗan rawa,
ta tsuguna tana naɗe igiya,
tana bin ta da yatsa taƙi-taƙi
ko akwai inda ɓawo ya ci ta.

Gobe akwai wata a Carmarthen
da ta jingina da wayar lantarki,
an kuma ce za a tashi da iska.