Tukunya ta Huɗu

Sukari kofi biyu, lemon tsami uku, ruwa ɗan kaɗan.
Na ce, Inna Zanuba, kaɗan ɗin nawa ne?
Ta ce, gwargwadon hawayen da kika zubar jiya
da tukunya ta ƙone.

A Kusuri muke, bayan rumfunan masu banda,
inda Lagone ke wanke wa gari ƙafa.
Katanga ɗaya ce tsakaninmu da ita,
ita ma ta kwanta tun ambaliyar bara waccan,
ba wanda ya ce a tayar.

Ina 'yar shekara shida na saci halawarta,
na ɗauka alewa ce.
Na gatsa, ta riƙe.
Na ja, ta fito da haƙorina mai girgiɗi.
Inna ta yi dariya har ɗankwali ya zame:
Kin ga aikinta ke nan, 'yar Hausawa,
abin da ya isa fita take fitarwa.

Yau yana ta rufe mata ido.
Matan da ke layi a zaurenta sun ragu,
tabarmar ta huta har ta fara kewar mutane.
Shi ya sa na tsuguna gaban gawayi.

Ta farko ta yi baƙi, ɗaci kamar maɗaci.
Ta biyu ta daskare,
yara suka fasa da taɓarya suka watse da rabonsu.
Ta uku ruwa-ruwa,
ta bi yatsuna ta ƙi saki, sai ka ce bashi.

Ta huɗu, Inna ta matso da kunne.
Janye garwashi biyu.
Ji, ta daina surutu, ta koma gunaguni.
Na ce, launinta ya yi na shayin direbobin gada.
Ta ce, hancina ya riga ki gani. Sauke.

Na ɗiga a ƙoƙon ruwa,
ɗigon ya dunƙule kamar ƙwayar carbi,
na matsa, ya ba ni hanya.
Ba ta ce madalla ba.
Ta dai ce, jiƙa hannu.

Ja, naɗe, ja.
Ja har kafaɗa ta yi ƙara,
har ja ya koɗe ya koma launin man shanu.

Da la'asar Ashta ta ƙetaro daga Njamena a kan acaba,
warin asibiti bai bar rigarta ba.
Ta ɗage zane.
Ƙaurinta duk sawun reza,
ga tabon kakin shago da aka zuba mata da zafinsa.
Ta dube ni, ta dubi Inna.
Yarinyar ce za ta yi?
Inna ta ce, hannuna ne, aron jiki kawai ya yi.

Shafa ta inda gashi ba ya so,
fizge ta inda ya kwanta.
Kada ki yi jinkiri, tausayi mai nawa shi ke ciwo.
Dafe wurin da tafinki, fata ma tana son a ba ta haƙuri.

Ashta ta ce wash sau ɗaya,
sannan ta shiga ba mu labarin farashin tumatir.
Da ruwan ɗumi ya wanke saura,
ta shafa ƙafarta, ta sake shafawa,
kamar mai gaisawa da wanda ya dawo daga tafiya.

Sefa dubu biyu.
Na danƙa wa Inna, ta laluba, ta mayar mini a tafi,
ta naɗe yatsuna a kai.
Ni dai gutsuro mini wadda ba ta taɓa jiki ba.

Na gutsuro.
Ta jefa a baki, ta lumshe idon da ba ya gani.
Lemon ya ɗan yi yawa, in ji ta.
Ta ci gaba da tsotsa.
Ba ta da sauran haƙorin da halawa za ta ɗauka.