Daƙiƙa Arba'in da Ɗaya

A Arvika ranar hunturu malalaciya ce,
ƙarfe uku ta naɗe tabarmarta.
Mu kuwa sannan muke buɗe tsohon ɗakin shanun Gunvor,
inda babu sauran saniya,
sai jar mota ɗaya bisa jak, hanjinta a waje.

Hunturu uku muna kanta.
Ni, mai tuƙa motar share dusar ƙanƙara,
da Gunvor mai walda, wadda tartsatsi ya yi wa zane a damtse,
da Esbjörn ɗan ƙanwarta, da kwamfutarsa mai tsagaggiyar fuska,
sai Torvald, tsoho, wanda masana'anta ta cinye wa kunne.

Torvald ba ya jin gaisuwa.
Amma bari ya kafa bakin sukundireba a jikin inji,
ya danna ƙotar a ƙashin muƙamuƙinsa,
ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya:
"Bawul na uku ƙarya yake yi."
Mu kwance, mu tarar haka ne.

Turbo ɗin kuwa ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba,
naɗaɗɗiya kamar katantanwa.
Hayaƙin da inji ya tofar take tarewa,
ta juya fanka da shi, ta ɗura wa fistan iska
har ya ci abin da ya fi cikinsa.
Abin da aka zubar shi ke komawa ƙarfi.
Torvald ya ce, "Kamar ni ke nan."
Ba wanda ya yi dariya.

Gunvor ta sayar da kwalekwalen marigayi mijinta
don sayen fistan huɗu.
Wata Asabar noti guda ya sulluɓe cikin inji,
muka wuni muna fatsarsa da mayen ƙarfe a bakin waya,
kofi ya huce a kan batir,
burodin kirfa ya sha baƙin mai daga yatsunmu,
muka ci abinmu.

Sai Fabrairu.
Tafki ya daskare har yana ɗaukar babbar mota.
Muka ɗaura tayoyi masu ƙusoshi,
Torvald ya zauna gefena, ya ɗaure bel,
ya kafa sukundirebarsa a ƙarfen ƙasan kujera.

Giya ta ɗaya, shiru.
Ta biyu, allura na miƙa kamar wadda aka tasa daga barci.
Na taka totur, na jira,
wannan jiran da zuciya ke tsayawa a maƙogwaro,
sai fito!
Siriri, kamar butar shayi ta ga aljani,
kujera ta naushe ni a baya,
itatuwan gaɓa suka narke suka zama zare ɗaya baƙi.

Daƙiƙa arba'in da ɗaya, in ji kwamfutar Esbjörn.
Daga nan farin hayaƙi, da zaƙin warin ruwan lagireto.
Gaskit ya tafi lahira.
Muka sulala, muka sulala,
muka tsaya a tsakiyar farin da ba shi da iyaka.

Torvald bai motsa ba.
Ƙota na nan manne da muƙamuƙi, gemunsa ya jiƙe.
"Na ji ta," ya ce. "Har cikin haƙorana."

Esbjörn ya iso a guje, yana zamewa,
yana rantsuwa lissafinsa ne ya yi zari.
Gunvor ta ɗaga bonet, tururi ya wanke mata tabarau,
ta fara ƙirga a yatsu cikin safar hannu:
a kwance kan inji, a kai shi a goge,
a jira kaya daga Karlstad,
ga tiyon nan ma bai yi mata ba.
"Ba za mu gama ba kafin ƙanƙara ta narke.
Sai baɗi."

Ta ja gyalen ulu ta rufe bakinta,
amma na riga na ga murmushin.

Na tafi ɗauko igiya.
A bayana ina jin Torvald yana tambaya da ƙarfi, irin na kurame,
ko Alhamis ɗin nan ma ƙarfe uku ne.