Sawun Akuya a Filin Mabera

Shekara talatin ina zane a bayan manyan motoci:
zaki, dabino, jirgin da bai taɓa tashi ba.
In rubuta "Haƙuri" a jikin katako,
mota ta tafi da shi Illela,
ni da aikina sai dai labari.
Yau ga ni durƙushe a kan siminti a Mabera,
gwiwata tana ƙara kamar tsohon ƙyaure.

Yara ne suka biyo ni har zaure:
"Baba Arzika, filin ƙwallon kwandonmu ya yi furfura,
layuka sun mutu,
kullum gardama, ciki ne, a'a waje ne."
Aka yi karo-karo.
Mai shayi ya kawo galan guda,
'yan kabu-kabu suka haɗa na shuɗi,
mai kemis ya ce shi in ba ja ba, a kai kasuwa.

Bazara ce, kuma ranar Sakkwato ba ta san lallashi ba,
fenti na bushewa a bakin burushi
tun bai gaisa da ƙasa ba.
Sai muka koma dare, bayan lisha,
da fitilar sola ɗaure a wuyan kwando,
ƙwari na zagaya ta, mu muna zagaya bokiti.

Inna Ige, wadda idonta ya ƙare a ɗinkin fata,
ta zo da gawayi a bakin zane.
"Ku ja can, ba ku iya da'ira ba."
Ta sunkuya a tsakiyar fili,
ta fitar da adon da take wa tumtum tun tana ɗiya,
ba igiya, ba ma'auni,
hannu kawai, da abin da hannu ya riƙe.
Ni mai shekara talatin na yi shiru
na riƙe mata tocila.

Modi ya ja gulbin Rima daga wannan kwando zuwa wancan,
ya yi masa lanƙwasa inda babu ita.
Wani ya dasa albasar Kwalkwalawa a kusurwa,
ta fito kamar tulu.
Muka yi dariya, muka bar ta.

Da asuba jar akuyar Ladan ta tsinke.
Ta taka gulbi yana ɗanye,
ta ratsa rawaya ba sallama,
sawu goma sha ɗaya, shuɗi a kan rawaya,
sai kuma ta yi tsalle, don na goma sha biyu babu shi.
Modi ya ɗauko dutse.
Ladan ya ɗauko rantsuwa.
Na ɗauko burushi zan shafe,
Luba, 'yar siririyar nan da ba a so a saka a wasa,
ta taka hannun rigata ta ce,
"Baba, ita ma 'yar unguwa ce."

To, sawun yana nan.
Daga kan na ƙarshe Luba take jifa,
ta tsaya inda akuya ta tashi sama,
ta gyara ɗankwali, ta saki,
ragar da muka saƙa da igiyar buhu ta ce shap.

Damina biyu ke nan.
Ƙarƙashin kwando ja ya koɗe,
siminti na leƙowa kamar gwiwa a tsohon wando,
adon Inna Ige ya rasa kunne ɗaya,
ita kuma ta riga shi tafiya.
Yara sun ce a sake shafawa.
Na ce sai an ga kuɗin galan.

Gaskiyar ita ce ban ƙosa ba.
Da la'asar nakan zauna a bencin mai shayi
in ga aikina yana ƙarewa a ƙarƙashin takalma,
wasu ma ba takalman,
a gabana, ba a hanyar Illela ba.