Sandar Awo

Lita guda na zuba mata ran Lahadi.
Kafin sati biyu sandar awo ta fito busasshiya,
ɗigo ɗaya tak a bakinta, kamar hawayen munafuki.
Motata ta fara shan baƙin mai a ɓoye.

Shekararta goma sha huɗu.
Daga Japan ta zo, jirgin ruwa sannan jirgin ƙasa,
sitiyari a dama, rai biyu a ƙirji guda:
batir mai sanɗa kamar kyanwa,
da injin fetur mai farkawa da tari
in hanya ta yi tudu.
Da ita nake jigilar fasinja a Ulanbatar,
inda sanyi ke daskarar da numfashi a gashin ido,
da ita nake biya wa Oyuncimeg kuɗin makaranta.

Dashnyam bakanike bai taɓa murfin injin ba tukuna.
Ya hura shayinsa mai gishiri da madara,
ya ce, Ruwa ba ya tsami banza.
Mai ko dai ya zube, ko dai ya ƙone.
Shimfiɗa mata kwali a ƙarƙashi ta kwana a kai.

Da asuba na janyo kwalin.
Fes.
Ashe ɓarawon a cikin gida yake.

Ya sa ni na taka totur, shi yana tsugune a baya.
Hayaƙi ya fito daga salansa, shuɗi-shuɗi,
siriri, mai kunya, ya ɓace.
Ya ciro ƙaramin bawul ɗin da injin ke numfashi da shi,
ya girgiza shi a kunne: shiru, ya cije.
Muka sa sabo. Na yi murna da wuri.
Kilomita dubu, ta sake shanye rabin lita da ɗori.

Sai ya kwance fulogi huɗu, ya jera su a kan tsumma.
Biyu sun yi baƙi ƙirin, suna naso.
Gani ya kori ji, in ji shi.
Ringin fistan ne, dauɗa ta liƙe su.
Injinki bai taɓa yin ɗumi ya ƙoshi ba:
a kowace danja ya mutu, ya tashi, ya mutu,
a cunkoson nan namu, a sanyin nan namu,
ke kuma kina ja masa rai kafin ki yi juye.

Ban musa ba.
Na san watannin da na zaɓi gawayin ɗumama ɗaki
na bar mai ya tsufa a cikinta.

Sauke inji, a sa sabon ringi:
ya faɗi kuɗin, na dubi takalmina.

To, ya ce, mu jiƙa su.
Ya ɗura ruwan wanki ta ramukan fulogi,
muka bar ta kwana biyu a garejinsa mai murhu,
yana juya injin da hannu, a hankali,
kamar mai juya majinyaci a gado.
Muka zubar da abin da ya fito, baƙi kamar kwalta,
muka yi mata juye, da sabon matacin mai.

Ba ta warke ba. Kada in yi ƙarya.
Ta dai rage sha:
lita guda yanzu na kai ta kilomita dubu uku.

Ina da ɗan littafi a aljihun ƙofa,
kwanan wata, lambar tafiya, inda mai ya tsaya.
Galan ɗaya na kwana a but, cikin tsohon bargo.
Ran Asabar nakan fita da ita bayan gari,
hanyar da babu danja, babu birki,
ta yi gudu har cikinta ya yi zafi.

Kowace safiya, kafin fasinjan farko,
nakan cire safar hannu da haƙori,
in zaro sandar, in goge, in mayar, in sake zarowa,
in ɗaga ta ga fitilar titi.
Oyuncimeg na kujerar baya da jakarta,
tana cewa, Mama, za mu makara.