Gwangwanin Makullai

Teburina na kallon ƙofar Madam Akosiwa,
kwalta ɗaya ce tsakaninmu a Tudun Jamus.
Ni shayi da burodi da ƙwai,
ita abin da kowa ya sani, ba a faɗi da rana.

Shekara tara ina hura gawayi a nan.
Mai shiga yana waiwaye,
mai fita ko kwalbati ba ya gani.

Mutari ɗan kabu-kabu ne.
Kullum sai ya ce, "Baba Kanta, ƙara sukari,
garin nan ya yi ɗaci."
Daren wata Alhamis ya fito yana rantsuwa
ko ido rufe ya san hanyar Garin Malam.
Sau uku makulli na kuskure raminsa.
Na gani.
Na ci gaba da juya ƙwai.

Babbar motar ma a tsaye take,
ba ta zo ba, shi ya je.
Likita ya yi iya yinsa,
ya maido mana shi ba ƙafar dama.

Kwana bakwai shayina bai yi daɗi ba.
Ran na takwas na wanke gwangwanin madara,
na tsallaka kwalta, karo na farko.
Ta ce, "Kasuwata za ka kashe?"
Na ce, "Madam, gawa ba ta biyan bashi."
Ta buɗe littafi, ga sunan Mutari,
jika huɗu da dala hamsin.
Ta daɗe tana kallo, sannan ta ja layi a kai.

Ga abin da muka ƙulla, ba takarda, ba shaida:
wanda ya zo da moto ya bar makulli wurina,
kada a zuba wa cikin da bai ga tuwo ba,
yaro ko ya yi gemun aro a kore shi,
kowace kwalba da kofin ruwa a bayanta.
Ruwa fa, a Damagaram,
inda ake kwana layin famfo!
Ta yi tsaki, amma ta sa ga-ruwa ya ƙara jarka biyu.

Malam Ciroma ya tare ni bayan azahar:
"Kanta, ka zama mai gadin masu saɓo?"
Na ce, "Allah gafarta malam, haramun haramun ce,
ban taɓa ce musu halal ba.
Amma mai rai ke tuba.
Ni dai in kai su safiya,
daga nan aikinka ne."
Bai amsa ba. Bai kuma daina shan shayina ba.

Ba kowa ke so ba.
An zage ni har kakannina na Mirya,
wani soja ya shure gwangwanin cikin kwata,
na tsamo, na ɗauraye.
Akwai masu ɓoye moto a lungu su ce da ƙafa suka zo.
Akwai 'yar ledar nan mai ƙona hanji
da ake saye a inda idona ba ya kai.

Amma Zabeiru wata huɗu ke nan
a bencina yake tsayawa, ba ya tsallakawa.
Matarsa Barira ta aiko mini da kwanon fura,
ba saƙo, kwanon kawai.

Yanzu Mutari ke riƙe gwangwanin.
Yana zaune, sandarsa jingine da tebur,
in mai tangaɗi ya zo da fushi neman makulli
ba ya musu da shi,
sai ya ɗaga bakin wando.

Da safe suna zuwa ɗaya-ɗaya, kai a sunkuye.
Ba mu tambaya, ba mu dariya.
Mu miƙa makulli, mu miƙa shayi mai zafi.

Daren jiya shida muka tara, shida aka karɓa.
Na bakwai yana can ƙasan gwangwani,
a lanƙwashe,
mai shi ya ce a bar shi nan.